Yadda za ki wanke azurfarki in ta yi baƙi

Mata da yawa a nan Yamai da zoben azurfa ko awarwaro ya yi baƙi sai su ce maƙeri ya cuce su, wallahi abin na min ciwo, don azurfa ta gaskiya ma baƙi take yi. Ita da jan ƙarfe da zinariya da baƙin ƙarfe dangi guda ne, ƙarafan tsakiyar teburin sinadarai da ake koya mana a lakkol. Baƙin ƙarfe iska da laima ke sa shi tsatsa, ita kuwa azurfa farar wuta ce abokiyar gabarta, wadda ke cikin ƙwai da albasa da roba har da iskar gari, in sun haɗu sai wata baƙar fata ta rufe ta.

To ga yadda nake yi. Ki shimfiɗa takardar alminiyom a kwano, ki zuba tafasasshen ruwa litir 1, babban cokali 1 na bikarbonat (farin garin nan da ake sa wa kek don ya tashi) da ɗan gishiri, sai ki jefa kayan. Dole azurfar ta taɓa takardar, nan ne duk sirrin yake, don alminiyom ne ke ƙwato azurfar daga hannun farar wutar, kuma za ki ji ɗan wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kar ki tsorata alamar aiki na ci ne. Ni ranar da na fara gwadawa da zoben kakata ina tsaye ina kallo baƙin na dushewa kamar ana share allo. Bayan minti 5 ki fidda, ki ɗauraye, ki goge da tsumma mai laushi.

Don Allah ban da yashi da toka, naman azurfar suke ci. Ban da jabel, ruwan nan na farar da tufafi, ƙara baƙi take. Kuma kayan Buzaye irin na masu sana'ar hannu na unguwar Wadata a nan Yamai, masu zane da aka baƙanta da gangan ko masu icce da dutse, waɗannan tsumma kawai, ruwan zai tafi da adon.

In sayen sabo za ki yi, duba lamba 925, ma'ana kashi 92.5 cikin 100 azurfa, sauran galibi jan ƙarfe don ta yi ƙwari. Ki tafi da maganaɗisu a jaka, in ya kama kar ki saya. Amma rashin kamawa bai isa shaida ba, akwai wani farin haɗi na jan ƙarfe da nikel da zink da ba ya kamawa kuma babu ko ɗigon azurfa ciki, nikel ɗin ne ke sa kunnen wasu ƙaiƙayi.