Yadda nake haɗa babban jirgin rimot, da yadda nake tashinsa a taro

A Palladan na taso, a Zariya, inda ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ke wuce saman gidanmu tun da sassafe. Jirgina na farko da kara da tsinken tsintsiya na yi shi, in ɗaura masa zare in ruga a guje yana bina a baya. Yanzu aiki ya ajiye ni a Charlotte, jihar Karolina ta Arewa a Amurka, kuma rabin garejin gidana jirage ne. Duk wanda ya ga hoton rawayan jirgina sai ya tambaye ni ta ina ake farawa, shi ya sa na zauna na rubuta yadda nake yi.

A yawancin tarukan masu jiragen rimot na nan, ana kiran jirgi babba idan faɗin fikafikansa ya kai inci 80, ko inci 60 ga mai fiffike hawa biyu, ko kuma in ya zama kashi ɗaya cikin huɗu na jirgin gaske. Nawa kwaikwayon Piper J-3 Cub ne, rawayan jirgin nan mai baƙin zanen walƙiya a gefe. Na gasken faɗinsa ƙafa 35 da inci 3 ne, don haka nawa, da yake kashi ɗaya cikin huɗunsa ne, ya kusa inci 106, wato mita 2.7, nauyinsa kilo bakwai da rabi. Shi nake ba kowa shawara ya fara ginawa, saboda fiffikensa a sama yake, yana da faɗi, kuma jirgin yana tafiya a hankali har ya ba ka lokacin tunani.

Amma kada babba ya zama jirginka na farko. Ka sayi ƙaramin jirgin soso na koyo, ka shiga kulob, a haɗa rimot ɗinka da na malami yadda in ka rikice zai karɓe tuƙin nan take. Ni shekara biyu na yi a haka. A nan Amurka kulob zai nemi katinka na AMA, ƙungiyar masu jiragen rimot, saboda inshora, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta FAA kuma tana so ka yi rajista in jirgin ya wuce giram 250, ka kuma ci ɗan gwajin TRUST a intanet.

Gini daga tebur yake farawa. In teburin ya karkace, fiffiken zai karkace, kuma babu saitin rimot da zai gyara shi. Ni sabuwar ƙofar katako na saya na ɗora a kan ƙafafu, na shimfiɗa allon sili mai laushi a kai don fil ya riƙa shiga. Sai ka baje zanen jirgin, ka rufe shi da takarda mai kakin zuma don kada gam ya kama shi. Katakon balsa ne, mara nauyi, wanda yawancinsa daga Ekwado yake zuwa. Ka kwantar da azarar fiffike a kan layinta, ka soke ta da fil ta gefe da gefe, ba ta tsakiya ba, don huda azara raunana ta ne. Daga nan ka jera haƙarƙarin, wato siraran katakon da ke ba fiffike siffarsa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne ka jingina masa sukwaya kafin ka ɗiga gam. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan aikin dai ka bar ido ya huta, ka auna. Na fi son gam ɗin kafinta a kan mai kamawa nan take, domin yana ba ni minti goma in gyara abin da ya goce, kuma samfefa tana cinsa daidai da katako. Allon da inji zai zauna a kai da wurin da ƙafafun taya ke kamawa kuwa, filawud ne da gam ɗin efoksi mai jinkirin bushewa, a tokare kusurwoyin da katako mai kusurwa uku.

Abu biyu nake so ka riƙe tun kana gini. Na farko jela. Nisanta daga tsakiyar nauyin jirgi ya ninka na hanci sau uku ko fiye, don haka duk giram ɗin da ka ƙara mata, sai ka biya uku ko huɗu na dalma a gaba. Ka zaɓi katako mafi sauƙi ka kai can, ka goge duk gam ɗin da ya tsiyaye. Na biyu sandunan da ke tokare fiffike daga gangar jiki. A wannan jirgin ba ado ba ne, su ke ɗauke da fiffiken a sama. Ƙarfen da suke kamawa ya zama noti ya ratsa katako mai ƙarfi, ba gam kaɗai ba.

Rufi da yadin Oratex nake yi, ana manna shi da ƙaramin dutsen guga. Ka fara kafe gefuna da matsakaicin zafi, sannan ka ƙara zafi ka tsuke tsakiya, sama da ƙasa bi da bi, don kada jan yadin ya murɗe fiffiken.

Injina DLE ne mai cc 20, da farfela 17x6. Duk wanda ya taɓa hidimar ƙaramin janareto a gida ya san irinsa: fetur ake gaurayawa da man juye. Takardar nawa ta ce 30 bisa 1, wato kusan mililita 33 na mai a litar fetur, amma ka bi takardar naka injin. Tiyon mai ya zama na fetur, irin rawayan Tygon, domin na silikon kumbura yake a cikin fetur ya saɓule. A cikin tanki akwai ɗan ƙarfe mai nauyi a bakin tiyo da ke bin mai duk inda ya kwanta; ka girgiza tankin kusa da kunnenka, in ba ka ji yana ƙwanƙwasawa ba, to ya maƙale. Injin fetur mai silinda ɗaya girgiza gare shi sosai, yana kwance noti kamar da hannu. Duk inda ƙarfe ya shiga ƙarfe, ka ɗiga masa shuɗin Loctite, gam ɗin da ke hana noti kwancewa. Farfela ma ka daidaita nauyin ɓangarorinta biyu kafin ka ɗaura.

Wajen lantarki ba na rowa. Sarbo, wato ƙananan motocin da ke motsa leɓɓan fiffike da na jela, masu haƙoran ƙarfe nake sawa. Batir biyu na LiFe masu bolt 6.6 ke ciyar da risiba, wato na'urar da ke karɓar umarnin rimot a cikin jirgi, kowanne da makunninsa, yadda in ɗaya ya mutu ɗayan zai dawo min da jirgi. Wutar filogi tana da nata batirin, da makashin da nake iya kashe inji daga rimot. Sannan ka saita abin da jirgi zai yi in sadarwa ta yanke: inji ya mutu ko ya koma silo. Ka gwada shi a ƙasa, wani na riƙe da jirgin, ka kashe rimot ka gani da idonka.

Daidaita nauyi kuwa mutum biyu yake so. Faɗin fiffikena daga gaba zuwa baya kusan inci 16 ne, wurin daidaito kuma yana tsakanin kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari daga gaba, wato wajen inci 4 zuwa 4.8. Nakan manna tef a wurin a ƙasan fikafikai biyu, tanki babu mai, ni da ɗana mu ɗaga da kan yatsu. Hanci ya ɗan sunkuya kaɗan, shi ake so. In jela ce ta yi ƙasa, kada ka kuskura ka tashe shi. Ka matsar da batura gaba tukuna, in bai isa ba sannan ka nemi dalma.

Yanzu ga abin da ya sa na fi damuwa da binciken ƙasa a kan komai. Wannan jirgin da nake ba ka labari shi ne Cub ɗina na biyu. Na farkon wata goma sha ɗaya na yi ina gininsa, ya yi tashi kusan ashirin lafiya lau. Sai na sayi sabon rimot, na zauna da dare na shigar da saitin da hannu. Washegari a filin kulob ɗinmu na motsa sandunan rimot, na ga komai na motsi, na ce alhamdulillah, na ba shi wuta. Yana barin ƙasa fiffiken hagu ya ɗan sauka. Na tura sanda dama, sai ya ƙara kwantawa hagu. Na ƙara turawa, ya kife. Duka bai fi daƙiƙa huɗu ba. Leɓɓan fiffiken a juye suke, ni kuwa motsi na duba, ban duba inda suke motsawa ba. Ɗana, lokacin yana shekara tara, shi ya riƙa tsince gutsattsarin balsa cikin ciyawa yana zubawa a leda, yana cewa, "Baba, wannan bai karye ba, za a iya sa shi a wani." Har yau in na tuna sai zuciyata ta sosu, kuma abin da ya fi tsaya min shi ne inda ya faɗi bai fi taku talatin daga inda mutane ke zaune ba.

Wani dattijo a kulob ɗin, tsohon makanikin jirage, ya bari na gama kwashe kayan sannan ya zo ya nuna min yadda yake yi. Ka tsaya a bayan jela, kana kallon inda jirgi ke kallo. Ka tura sanda dama, leɓen fiffiken dama ya tashi sama. Ka ja sanda baya, leɓen jela na kwance ya tashi. Ka tura ɗayar sandar dama, leɓen jela na tsaye ya karkata dama. Kuma ka faɗa da baki. Ni da Hausa nake faɗa, "dama, na dama ya tashi," kafin kowane tashi, ko da na goma ne a ranar. Bayan haka in ja kowane leɓe da hannu in ji ko maƙalinsa ya saki, in taɓa notin sandunan tokara guda guda, in auna batura. In safiya ce, sai in rage ƙarfin rimot in yi taku talatin baya, inji na aiki, in ga ko sarbo na rawa.

Tashin farko a filin kulob ɗinka ake yinsa, ranar da ba jama'a, ba iska. Taro ba wurin gwaji ba ne, kuma da yawa ba sa yarda a tashi jirgin da bai taɓa tashi ba. Ni sai ya yi goma lafiya nake loda shi a mota.

Taron da nake jira kowace shekara shi ne Joe Nall, mako guda a watan Mayu, a filin Triple Tree da ke Woodruff a Karolina ta Kudu, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga gidana. Titin ciyawa ne mai tsawon ƙafa 7,000, an aske shi kamar darduma, an raba filin sashe sashe: na manyan jirage, na masu lantarki, na masu saukar ungulu, har da tafki don masu sauka a ruwa. Mutane na kafa tantuna su kwana a can. Ka tafi da rumfa, da ruwan sha mai yawa, da farfela biyu na ajiya, da abin kashe gobara. Nakan haɗa da dardumata, in yi azahar a bayan rumfa. Kada ka rasa jawabin da ake yi wa matuƙa da safe, a nan za a faɗi ta wane ɓangare ake kewayawa da layin da ba a ƙetarewa.

Bambancin taro da kulob shi ne ba kai kaɗai ne a sama ba, kuma idonka ba zai bar jirginka ba ko na ƙiftawa ɗaya. Don haka dole ka sami mai duba maka, ya tsaya a kafaɗarka. Nawa ɗana ne, yanzu ya girma. Shi ke riƙe jela in zan tayar da inji, ni kuma in buga farfela da sanda mai roba ko safar hannu mai kauri, ba da yatsa tsirara ba, kuma duk gyaran kafireto daga bayan farfela nake yi. A sama zai riƙa ce min, "Baba, akwai jet na tahowa ta hagunka, ƙasa ƙasa, ka tsaya a samanka." Kai ma duk abin da za ka yi, tashi ko sauka ko shiga titi, ka ɗaga murya ka sanar, ka jira a amsa. Wanda injinsa ya mutu a sama shi ke da titi kafin kowa.

Cub tayarsa ta uku a jela take, don haka tashinsa na buƙatar haƙuri. Ka fuskanci iska, ka riƙe sanda baya don jela ta danne ƙasa, ka ƙara wuta sannu a hankali. Zai so ya ja hagu saboda juyin farfela, ka tare shi da leɓen jela na tsaye dama kaɗan. Ka saki sandar, jela ta ɗaga, ka bar shi ya yi gudu a kan taya biyu har ya yi sauƙi da kansa. In ka fizge shi da wuri, fiffike zai saki iska ya faɗi ta gefe. A kwana kuma leɓen fiffike kaɗai bai isa ba, hancin zai leƙa waje. Ka haɗa da leɓen jela na tsaye. In iska na bugowa ta gefen titi da ƙarfi, nakan bar shi a rumfa in kalli na wasu, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Agogon rimot ɗina minti goma yake bugawa, alhali tankin na iya fiye da haka, saboda a taro kana iya kewayawa sau uku kafin titi ya samu. Wajen sauka ka bar ɗan wuta har ya zo dab da ciyawa, ka rage, ka riƙa jan sanda a hankali har tayoyi uku su taɓa tare, kuma kada ka daina tuƙi sai ya tsaya cak. Ka kashe inji kafin ka isa wurin jama'a, sauran ka tura da hannu. Da yamma nakan zuƙe man da ya rage a tanki, in goge ƙasan jirgin, in bi notin salansa tun da shi ya fi saurin kwancewa, in rubuta a ɗan littafina tashi nawa aka yi da abin da kowane batir ya ci a caji. Jirgin nan na biyu akwai haƙarƙari uku a fiffikensa na dama daga cikin waɗanda yaron ya tsinto a ledar nan.