Yadda za ki ɗinka kimono mara nauyi da ragowar yadi

Ragowar yadin nan da kike ta tarawa a leda, wallahi kar ki zubar, lokacin zafi idan kina son abin da za ki ɗan yafa a kan riga ba tare da kin jiƙe da gumi ba, shi zai fitar da ke. Ba sai kin iya ɗinki sosai ba, in dai kina iya miƙe layi a keke to an gama.

Farko ki zazzage ledar ki ware masu nauyi ɗaya, nan ne mutane suke ɓata aikin. In kika haɗa shifon da yadi mai kauri, mai kaurin zai dinga jan ɗayan ƙasa, rigar ta karkace a jiki kuma babu gugar da za ta gyara ta, gara auduga da auduga, shifon da shifon. Ki wanke su tukunna don auduga tana tsukewa a wankin farko, sannan ki goge.

Awo guda biyu ne kawai. Daga kafaɗa zuwa inda kike so ta tsaya, a ce inci 35, sai ki ninka ya zama 70 ki ƙara inci 2 na kalmasa. Faɗi kuma inci 45 ya ishi yawancin mutane. In guntayen ba su kai ba ki jona su har su kai, amma ki lura duk tsawon zarensu ya kalli gefe guda, kuma abin da kika sa a dama ki sa irinsa a hagu, sai ya fito kamar da gangan aka yi ado.

Ki ninka yadin biyu, wajen ninkin shi ne kafaɗa. Nemo tsakiya ki ja layi da alli, ki tsaga na gaba kawai daga ƙasa har sama, don Allah ki ɗaga ki duba kafin ki sa almakashi kar ki haɗa da bayan. Wuya ki cire inci 3 kowane gefen layin tsakiyar, zurfin baya inci 1, na gaba ki gangaro da shi a hankali ya haɗu da tsagar.

Daga kafaɗa ki sauko inci 10 ki sa fil, wannan ƙofar hannu ce, daga nan ki ɗinke gefe har ƙasa. Saura kalmasa, ninki biyu siriri, ki fara kwantar da shi da dutsen guga kafin ki hau keke, ni dai a ganina gugar nan ita ce rabin aikin. Wajen wuya in yana miki gardama ki yanko siririn ƙyalle a karkace ki bi bakin da shi.

In shifon ne ki sa ƙaramar allura mai lamba 9, ki shimfiɗa takarda mara kauri a ƙasa don kar keke ya cinye yadin, in kin gama sai ki yage ta a hankali.