Yadda Ake Kare Dashen Turare Daga Ruɓewar Saiwa a Ƙasar Zazzau

Duk damina sai na ga an maimaita kuskuren nan. Mutum ya dasa bishiyar turare ko malaina a watan Yuni, ganye ya yi shar. Agusta na kamawa sai ganyen ya soma rawaya, ya yanƙwane, alhali ƙasa a jiƙe take sharkaf. Nan take a ɗora wa gara laifi. Wani lokacin ita ce, amma sau da yawa saiwar ce ta ruɓe, kuma ɓarnar tun ranar haƙa rami aka yi ta.

Kafin ka biya kuɗin dashe, yaga leda ɗaya ko biyu a gaban mai sayarwa. Saiwa mai lafiya fara ce tas, da 'yan gashi-gashi a jikinta. In ta yi baƙi, ko ta nannaɗe a gindin ledar kamar gammo, bar ta ko da kyauta aka ba ka. In kai ke renon kayanka, ka jiƙa ƙasar da za ka cika leda da ita, ka lulluɓe ta da farar leda mako 4 zuwa 6 a zafin Maris da Afrilu. Rana za ta rage maka ƙwayoyin cutar da ke kayar da tsiro daga wuya, ba ka kashe ko sisi a magani ba.

Yanzu rami, inda ni kaina na sha kashi. Gonaki da yawa a kewayen Zariya akwai marmara a ƙarƙashinsu, kuma ba ta da nisa daga sama. Ka haƙa rami ka tsaya a kanta, to tukunya ka gina. Ruwan Agusta ya taru a ciki, saiwa ta rasa iska, ƙwayoyin cuta masu son danshi irin su Fitiyam su samu wurin zama. A gonata ta farko, wajen hanyar Shika, duk layin da ke gangare haka ya tafi cikin 'yan makonni. Da na tumɓuke su, ƙasan ramin caɓi ne mai tsami.

Don haka kafin ka sa ko dashe ɗaya, haƙa ramukan gwaji a sassa daban-daban na gonar, zurfin kamu ɗaya. Cika su da ruwa da yamma. In ka dawo washegari ka tarar da ruwa kwance, kada ka yi shuka a wurin haka. Ko ka fasa marmarar da diga, ko ka yi kunya ka dasa a samanta, ka buɗe wa ruwa hanya ta gangare. Lebura zai ci kuɗi, gaskiya ne, amma bai kai sayen sabon dashe da asarar damina guda ba. Kuma kada ka binne wuyan dashen fiye da inda ƙasar leda ta tsaya. Ɗanyen kashin kaji a cikin rami kuwa, ni a wurina haramun ne, sai wanda ya ruɓe ya huce.

Tsohon kututture ma a cire shi da saiwarsa. Cutar Ganodama, wadda ke fito da wani abu mai tauri kamar faifai a gindin itace, a matattun saiwoyi take zama, ta bi ta kama na kusa.

In abin ya riga ya faru, tone gindin ka duba. Gara tana gwaguye ɓawon saiwa, ta bar ƙasa a manne. Ruɓa kuwa saiwar tana laushi, ɓawonta ya saɓule a hannu, da wari. Tumɓuke wanda ya kamu, ka ƙona shi a wajen gona, ka wanke diga da shebur da ruwan bilic, kada ka sake dashe a wannan ramin a bana. Maganin feshi mai sinadarin metalaksil yana taimakawa a wurin reno, amma ba ya ta da saiwar da ta mutu. In ruɓar ta kama layi fiye da ɗaya, sa saiwar a leda ka kai tashar binciken gandun daji da ke Samaru a duba maka.