Yadda Ɗalibi Zai Yi Aikin Hoto a Kan Siffofin Halitta

Duk lokacin da aka ba ɗalibai aikin ɗaukar hoton siffofin da ke cikin halitta, kusan abu ɗaya suke dawowa da shi: jan fure a tsakiyar ciyayi, faɗuwar rana, bishiya sukutum daga nesa, in an yi sa'a har da malam-buɗe-littafi. Hotunan ba su da muni. Amma miƙa wa ɗalibin fensir ka ce ya zana maka siffar da ya ɗauko da layi ɗaya, sai ya tsaya yana kallonka. Mai kallo ma haka, zai ce "fure ne" ya wuce. Hoton da ake nema a wannan aiki shi ne wanda ido zai fara cin karo da da'ira, ko murɗi, ko rassa, tun kafin mutum ya tuna sunan abin da yake kallo. Ba zan tsaya koya maka riƙe waya ko goge idon kyamara ba, na ɗauka ka wuce nan.

Ka fara da zaɓen siffa ɗaya

Ɗaya na ce. Wanda ya fita da niyyar ɗaukar "siffofi" zai dawo da tarkace, domin komai a duniya yana da siffa. Zauna ka yanke shawara tun kafin ka fita. In murɗi ka zaɓa, akwai katantanwa, akwai siririn hannun da tsiro mai yaɗo ke naɗe sanda da shi, akwai sabon ganye da bai gama warwarewa ba. In rassa ne, akwai reshen bishiyar da ta kaɗe, jijiyoyin ganye, saiwar da ruwa ya tone, da hanyoyin da ruwan sama ke bari a kan yashi. In kuma raga-raga ce, ga saƙar zuma, ga laka da ta bushe ta tsattsage, ga ɓawon tsohuwar bishiya, ga fiffiken mazari.

Ni dai rassa nake ba mai farawa, don ba ya rasa su ko'ina yake, kuma ba sa gudu. Raga-raga ta fi daɗin bayani in an zo rubutu: bangayen saƙar zuma uku-uku suke haɗuwa a kusurwar digiri 120, shi ya sa kowane ɗaki ke fitowa da gefe shida, ita kuwa sabuwar tsagar laka yawanci a miƙe take cin karo da wadda ta riga ta, kusan digiri 90. Ɗalibin da ya ajiye hotunan nan biyu kusa da juna ya riga ya samu abin faɗa. Sai dai kada a je a tsokano amya saboda maki. Tsohuwar saƙa da ƙudan zuma suka bari ta wadatar.

Kafin ka fita, nemi hotunan Karl Blossfeldt a intanet ka kalle su na ɗan lokaci. Malamin zane ne a birnin Berlin na Jamus, ya rayu daga 1865 zuwa 1932, kuma asalin hotunansa na tsirrai don ɗalibansa ya ɗauke su, su ga tsarin da ke jikin toho da kara da ƙwaya. Da kyamarar da ya haɗa da hannunsa ya yi aikin, an kuma tara hotunan a littafi a 1928. Lura da abu ɗaya a cikinsu: babu komai a bayan tsiron sai fili fari ko toka-toka ko baƙi. Wannan ne ya kawo mu inda yawancin ɗalibai ke faɗuwa.

Abin da ke bayan abin

Ido yana yaudarar mai shi. Idan ka tsura wa ganye ido, ƙwaƙwalwarka tana share duk abin da ke bayansa, ba ka ganin busasshiyar ciyawa, ba ka ganin wayar lantarki, ba ka ganin ɗigon hasken da ke ratsowa ta wani reshe. Kyamara ba ta share komai. Duk abin da ke cikin fili za ta kwaso ta ajiye shi daidai da ganyenka, gefen ganyen ya narke cikin hayaniyar baya. Siffa kuwa a gefe take rayuwa. In gefen abu bai fita tar ba, siffa ta tafi, ko da tsakiyarsa ya fito ras.

Saboda haka, da ka ga abin da kake so, kada ka danna tukuna. Ɗauke idonka daga kansa ka bi kusurwoyi huɗu na allon wayar ɗaya bayan ɗaya, sannan ka bi gefen abin da ido tun daga inda ya fara har ka zagayo. Duk inda wani kara ya ratsa ta bayansa, ko launin baya ya yi kama da nasa, nan hoton zai mutu. Wata dabara ita ce ka ɗan rintse ido har komai ya yi dishi-dishi. In har a haka kana iya gane siffar, to ta tsaya da ƙafarta. In ta ɓace, gyara kafin ka ɗauka.

Gyaran farko da ƙafa da gwiwa ake yinsa. Durƙusa ƙasa ka ɗaga waya sama, sai sararin samaniya ya zama bayanka, fili ɗaya babu tarkace. Ko ka matsa gefe har abin ya daidaita da wata inuwa mai duhu da ke can nesa. Ganyen da rana ke haskawa, in bayansa inuwa ce, zai fito kamar an yanko shi da almakashi. Taku ɗaya zuwa hagu yakan yi abin da awa guda na gyara a kwamfuta ba zai yi ba, amma ɗalibai sun fi son tsayawa ƙiƙam a inda suka fara hango abin, su ɗauka daga tsayin idonsu.

In motsi bai yi ba, kawo bayanka da kanka. Kwali baƙi ɗaya, fari ɗaya, girman babban littafin rubutu. Ba ya buƙatar wani kashe kuɗi, tsohon kwali da ka liƙa wa takarda ya isa, muddin ba mai sheƙi ba ne. Kada ka manna shi jikin abin. Bar tazarar kamu ɗaya ko biyu, in ba haka ba inuwar abin za ta faɗa kan kwalin, saƙar takardar ma ta fito. Baƙin kwali ya kasance cikin inuwa, don in rana ta buge shi toka zai koma. Wasu malamai suna ganin kwali ha'inci ne ga hoton halitta. Ban yarda ba. Aikin zane kake yi, kuma mutumin da na ambata a sama haka ya yi nasa.

Akwai kuma nisa. Yadda abin ya fi kusa da kai, bayansa kuma ya fi nisa da shi, haka bayan zai fi narkewa. Mai babbar kyamara zai iya buɗe idonta zuwa f/2.8 ko f/4 (lambar buɗin ido ce, ƙanƙantarta na nufin ido ya buɗe sosai) ya narkar da baya, amma a hoton kusa wannan yakan narkar har da rabin siffar. Na fi son f/8, in nemi tsaftataccen baya da ƙafata. Masu waya kuma su guji yanayin nan da ke dusashe baya da kansa, wanda aka yi don hoton fuska. Lissafi yake yi ya yanke, kuma a kan siririn reshe ko saƙar gizo yakan cinye gefen da kake wahala a kansa.

Wani kuskure da ke tafiya tare da wannan shi ne cusa waya har hancin abu. Babban idon yawancin wayoyi mai faɗin gani ne, yana kumbura abin da ya fi kusa da shi, ya ƙanƙance na nesa. Da'ira sai ta koma ƙwai, miƙaƙƙen kara ya karkace. Bayan haka kowace waya tana da iyakar kusancin da take iya gani, in ka wuce shi sai ta kama abin da ke baya ta bar naka dishi-dishi. Ja da baya kaɗan. In wayarka tana da ido na biyu mai zuƙowa ninki biyu ko uku, yi amfani da shi. In babu, ɗauka daga nesa kaɗan ka yanke daga baya, ya fi ka ware yatsu kana zuƙowa har hoton ya farfashe. Kuma ka sa fuskar wayar ta yi daidai da fuskar abin: in laka ce a ƙasa, tsaya a kanta ka kallo ta kai tsaye daga sama, ka kula inuwarka kada ta shiga.

Haske

Da baya ya gyaru, haske ne zai faɗi irin siffar da za ka samu. Abu guda yana iya ba ka hoto uku mabambanta.

In rana tana bayan abin, ka danna kan sararin sama a allo, abin zai koma baƙi ƙirin, gefensa kaɗai ya rage. Nan ne siffa take tsirara, kuma da shi nake so kowa ya fara, musamman mai aikin rassa. In abin siriri ne kamar ganye ko gashin tsuntsu, hasken baya zai ratsa shi ya fito da jijiyoyin da ba a gani da hasken gaba. In kuma hasken daga gefe yake, kamar sassafe ko dab da faɗuwar rana, kowane tudu zai samu inuwarsa, katantanwa ta yi ƙwal kamar a ɗauka, tsagar laka ta yi zurfi. Ranar da hadari ya rufe rana, haske yakan yi laushi, ya dace da abu mai ƙananan bayanai da yawa. Tsakar rana da filashi kuwa ka bar su, dukansu suna daddaɓe abu ya zama shimfiɗaɗɗe.

A yawancin wayoyi, in ka danna yatsa kan abin ka riƙe na ɗan lokaci, saiti zai kulle, sai ka ja alamar rana ƙasa kaɗan. Rage haske ya fi ƙari, domin wurin da ya ƙone fari fat ba ya dawowa, na duhu kuwa ana iya farfaɗo da shi. Iska ma abokiyar gaba ce. Jira ta lafa, ko ka tare ta da jikinka, mai kyamara kuma kada saurin ɗaukarsa ya sauka ƙasa da 1/250 na daƙiƙa in ganye na motsi. Sa agogon daƙiƙa biyu ko uku don dannawar yatsa kada ta girgiza wayar.

Shawarata ita ce ka mayar da allon fari da baƙi tun a wurin ɗauka. Launi yana da zaƙi, yana sa ɗalibi ya yafe wa hoton da ba shi da tsari. Da an cire shi, jan fure da koren ganye sukan zama toka iri ɗaya, nan take ka ga babu siffa. In wayarka tana bari a dawo da launi daga baya, madalla. In ba ta bari, ɗauki biyu.

Kada ka bar abu da hoto ɗaya. Zagaya shi, ɗauka a tsaye, ɗauka a kwance, cika allo da shi har gefensa ya fita waje, sannan ka ja baya ka bar shi ƙarami cikin fili mai yawa. Filin da ke tsakanin rassa shi ma siffa ne, wani lokaci ya fi reshen kansa kyau. Abin da ya faɗo ƙasa za ka iya ɗauka ka kai gida ka ajiye kusa da taga, amma kada ka karya reshe ko ka taɓa sheƙar tsuntsu, in za ka ɗaga dutse kuma ka sa sanda.

Tacewa da miƙawa

Da ka dawo, buɗe hotunan a ƙanana, yadda suke jere a ma'ajiyar waya. Wanda siffarsa ta fito a wannan ƙanƙantar shi ne naka, sauran a ajiye gefe ko da ka sha wuya kafin ka same su. Zaɓi shida zuwa tara. Tara tana zama da kyau a jeri uku-uku. Yanke su duka girma ɗaya, murabba'i ya fi sauƙi, kuma kada a gauraya masu launi da fari da baƙi a aiki ɗaya. Gyara ya tsaya ga yankewa, miƙar da abin da ya karkace, da ɗan ƙara bambancin haske da duhu. Duk wani ado da manhaja ke liƙawa, bar shi.

Ɗora siririyar takarda kan kowane hoto da ka wanke ka bi gefen siffar da fensir. Zanen nan ya shiga cikin aikin da za ka miƙa, kusa da hotonsa, domin shi ne shaidar cewa ka ga abin da ka ɗauka. Wajen jerawa, fara da wanda kowa zai gane, ka ƙare da wanda sai an tambaye ka mene ne. A wanke su a takarda marar sheƙi in akwai, ƙanana masu kaifi sun fi manya masu dishi-dishi. Rubutun bayani kada ya wuce sakin layi ɗaya: siffar da ka zaɓa, abubuwan da ka same ta a jikinsu, irin hasken da ka yi amfani da shi, da ko ka sa kwali ko ba ka sa ba. Ka adana asalin hotunan da ba a taɓa ba a wani wuri dabam, don malamai da yawa sukan nemi ganinsu ranar ba da maki.