Darasi na 9: Gwada Barasa a Cikin Man Fetur

A watan Fabrairu na 2022 an shigo da fetur Najeriya mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima. Injuna suka lalace, aka janye man, layi ya miƙe a gidajen mai, har da na Kaduna. 'Yan bumburutu kuwa kasuwarsu ta buɗe.

Metanol da itanol duk dangin barasa ne. Itanol daga rake ko masara ko rogo ake yin sa. A Amurka ana zuba shi kashi 10 cikin 100 a fetur da gangan, sababbin motoci na jure wa haka. Tsohon babur da ƙaramin janareto ne ke shan wahala, domin barasa tana cin robar tiyo, tana jawo ruwa cikin tanki ya yi tsatsa.

Gwajin ba wuya. Fetur ba ya gauraya da ruwa, barasa kuwa da ta ga ruwa sai ta bar fetur ta bi shi.

Ka samo siririyar kwalba ta gilashi mai murfi, da sirinji mara allura. Zuba ruwa mililita 10. Ɗiga ruwan zoɓo kaɗan don ya yi launi. Manna takarda a jikin kwalbar, ka ja layi da biro a kanta, daidai inda ruwan ya tsaya. Ƙara fetur mililita 100, ka rufe, ka girgiza sosai, ka ajiye minti 10.

Jan ruwan zai kwanta a ƙasa. In yana kan layinka, babu barasa. In ya haura layin, akwai, kuma yawan hawansa shi ne kusan yawanta.

Wannan gwaji ba ya kama kalanzir in an gauraya shi da fetur, gane kalanzir aikin hanci ne da bakanike.

Ka yi gwajin a tsakar gida, nesa da murhu da mai shan taba. Kada ka tsotsi mai da baki ta tiyo kamar yadda wasu direbobi ke yi, metanol guba ne, yana makantar da mutum.

Aikin aji: Wani ɗan acaɓa a Tudun Wada ya zuba ruwa mililita 10. Bayan girgizawa ya zama 18. Nawa ya ƙaru? Rubuta amsar a littafinka.