Yadda Ake Rage Siminti da Tokar Sharar Gona a Haɗa Kankare Mara Nauyi

Kafin a samu siminti sai an gasa dutsen farar ƙasa a zafin da ya kai digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa masana'antunsa ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa. A ɗaya gefen kuma ga buntun shinkafa da tukar rake da totuwar masara jibge ana neman inda za a kai su. Tokarsu na iya maye gurbin wani ɓangare na simintin, amma ba kowace toka ba, kuma ba duka simintin ba.

Aiki biyu ne a nan, kada a haɗe su. Toka ita ce ke rage siminti. Rage nauyi kuwa aikin abin da aka sa ne a madadin tsakuwa, kamar ɓawon ƙwallon kwakwar manja. Kankaren da aka saba yi yana kai kilo 2,400 a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, mara nauyi kuma yakan sauko ƙasa da kilo 2,000.

Zaɓen shara

Buntun shinkafa ya fi sauran, domin tokarsa na ɗauke da silika, wato sinadarin da ya fi yawa a cikin yashi, kashi 85 zuwa 95 cikin 100 idan an ƙona shi yadda ya kamata. Tokar tukar rake na bi masa. Ta totuwar masara da ɓawon gyaɗa ma suna aiki, sai dai silikarsu ba ta kai ba, don haka kaɗan ake sa wa. Ka samu busasshe, wanda babu ƙasa ko leda a ciki. Ka kuma tanadi mai yawa: kilo 100 na buntu ba ya ba da toka fiye da kilo 20 ko kusa da haka.

Ƙonawa

Nan aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Abin da ake nema shi ne silika mai rai, wadda za ta yi aiki idan ta haɗu da siminti. Tana samuwa ne idan zafi ya tsaya tsakanin digiri 500 zuwa 700. In wutar ta gaza, gawayi zai rage a tokar, ta fito baƙa, ta riƙa shanye ruwan kwaɓi tana raunana kankaren. In kuma wutar ta zarce digiri 800 ta daɗe a haka, silikar za ta ƙanƙare, ta zama ba ta da maraba da yashi mai laushi. Za ta cike gurbi, amma ba za ta ƙara ƙarfi ba.

Saboda haka banka wa tsibin buntu wuta a fili ba dabara ba ce: tsakiya ya yi zafi fiye da kima, gefe kuma bai ƙone ba. A yi amfani da tanda ta bulo ko duro da aka huhhuda domin iska ta shiga ta ƙasa, a bar wutar ta ci a hankali na sa'o'i, ba tare da harshe mai tashi ba. Mai na'urar auna zafi ya huta. Wanda ba shi da ita sai ya dubi launi, toka mai kyau fara-fara ce ko ruwan toka mai haske. A tsince baƙin a sake ƙona shi. Tukar rake na buƙatar ƙarin kula, domin ɗan sukarin da ya rage bai ƙone ba yana hana siminti kamawa da wuri.

Niƙa da tankaɗe

Bayan ta huce a niƙa ta har ta yi laushin siminti, a tankaɗe da rariya mafi ƙanƙantar ido, a zuba a buhun da ba ya shan danshi. Mutane da yawa kan tsallake niƙan, alhali toka mai tsaki-tsaki ba ta ba da rabin amfaninta. A sa takunkumi mai kyau, ƙurar silika na lalata huhu.

Shirya ɓawon da zai maye tsakuwa

A wanke ɓawon ƙwallon kwakwar sosai don fitar da mai da zare, domin siminti ba ya kama abu mai maiƙo. Yana shan ruwa fiye da tsakuwa nesa ba kusa ba, don haka a jiƙa shi sa'a 24, sannan a baza shi har bayansa ya tsane. In aka zuba shi a bushe, zai zuƙe ruwan da siminti ke buƙata.

Awo da kwaɓi

A auna da sikeli, ba da kwano ba. Toka ba ta da nauyin siminti, kwano ɗaya nata da kwano ɗaya nasa ba ɗaya ba ne. A fara da kashi 10 cikin 100: maimakon kilo 50 na siminti, a sa kilo 45 da toka kilo 5. Kashi 15 kuwa kilo 42.5 ne da toka kilo 7.5. A ganina mai farawa bai kamata ya wuce nan ba. Akan kai kashi 20, amma daga can ƙarfi yakan fara raguwa, kuma ga dalili. Idan siminti ya haɗu da ruwa yana sakin wani sinadarin farar ƙasa da ba ya ƙara wa kankare ƙarfi sosai. Silikar tokar ce ke haɗuwa da shi su zama ƙarin danƙo mai toshe ƙananan ramuka. In siminti ya yi kaɗan, sinadarin ba zai ishi tokar ba, sauran ta zauna a banza. Dabarar ba sabuwa ba ce, Romawa sun yi ta da tokar dutse mai aman wuta da farar ƙasa, kuma gininsu na Pantheon da ke birnin Rum na nan tsaye.

A fara cuɗa siminti da toka a bushe har launinsu ya zama ɗaya, a zuba yashi, sannan ɓawon, sai ruwa kaɗan-kaɗan. Kwaɓin zai yi tauri fiye da yadda magini ya saba, hannunsa kuma zai kai ga bokiti. A hana shi. Ruwa mai yawa shi ne babban maƙiyin ƙarfin kankare. In kwaɓin ya ƙi juyuwa, a sa sinadarin sassauta kankare da ake sayarwa don haka. Wajen dannawa ma kada a wuce gona da iri, ɓawon na iya tasowa sama.

Ban ruwa da gwaji

Kankare mai toka yana jinkirin yin ƙarfi a makon farko, amma yakan ci gaba da ƙaruwa har bayan kwana 28. A rufe shi da jiƙaƙƙen buhu, a yi masa ban ruwa aƙalla kwana 14, kada a yi saurin cire katako.

Daga kowane haɗi a zuba samfuri a ƙaramin akwati mai faɗin milimita 150, a yi wani kuma da siminti zalla don kwatance, a kai ɗakin gwaji a matse su a kwana 7 da kwana 28. Tokar wannan ƙonawa ba lallai ta zo ɗaya da ta gaba ba, don haka duk sabuwar toka sai an sake gwaji. Haɗin ya dace da bulo, bangon raba ɗaki, daɓe da dakali. Ginshiƙi da bim da duk abin da zai ɗauki nauyin bene kuwa, kada a zuba sai injiniya ya ga sakamakon gwajin ya amince, musamman inda za a sa rodi.