Yadda za ka yi wa shagonka inshora, kuma su biya ka in abin ya faru

Duk wanda yake Katsina a watan Maris na 2021 ba zai manta da gobarar babbar kasuwa ba. Ni akwai kawuna da yake saida atamfa da shadda a ciki, da muka je bayan wuta ta lafa ko ƙyalle bai fitar ba sai ƙofar ƙarfe da ta lanƙwashe. Amma wallahi abin da ya fi ci mani rai shi ne littafin da yake rubuta kaya da bashin da yake bin mutane shi ma a cikin shagon yake kwana, kaga ko da a ce yana da inshora me zai nuna masu? Shi ya sa in za mu yi maganar nan, daga littafi za mu fara ba daga ofishin kamfani ba.

Ka samu rana guda, ko Juma'a da safe kafin kasuwa ta cika, kai da yaron shago ku ƙirga komai da ke shago da sito, ka rubuta kuɗin da ka saro su ba kuɗin da kake saidawa ba, ka ɗauki hoto da bidiyo. Rasit ɗin da ake ba ka a Kantin Kwari ko Singa, wanda kake nannaɗewa ka cusa ƙarƙashin benci, ka riƙa ɗaukar hotonshi kana tura ma kanka ta imel ko ka tura ma wani ɗan'uwa ta WhatsApp, don waya ma tana ɓata. Littafi kuma ya riƙa kwana gida. Kamfanin inshora ba ya biya da rantsuwa, da shaida yake biya, ko duk 'yan layinku sun san kai mai gaskiya ne.

Sannan ka rage haɗarin da hannunka tukuna, don in wakilinsu ya zo duba wuri shi yake kallo kafin ya yanke maka kuɗi. Wayarin ɗin da aka jojjona tun zamanin mai shagon farko a kira mai gyara ya sake shi, babban makunni a kashe kullum in za a tashi saboda wutar da ake maidowa tsakar dare ba kowa a kasuwa, jarkar fetur ɗin janareta kada ta kwana tare da kaya, batirin sola shi ma a ba shi wurinshi daban. Ka sayi tukunyar kashe gobara ka koya ma yara yadda ake buɗe ta, da yawa suna ratayewa ne kawai. In jarinka ya yi kauri kada ka tara shi ɗaki ɗaya, raba shi sito biyu.

Toh sai maganar da na san ita ce ke hana mutanenmu, wato halasci. Ba zan yi maka fatawa ba, amma akwai takaful, wato inshorar da aka tsara bisa shari'ar Musulunci, kuma hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta fitar da ƙa'idojinta tun 2013, akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da suke wannan aikin kaɗai. Yadda take shi ne kuɗin da kuka zuba tabarru'i ne, wato gudummawar taimakon juna, a asusu guda, wanda asara ta samu a biya shi daga ciki, kamfani wakili ne yana ɗaukar ladan aikinshi, ba a juya kuɗin a harkar kuɗin ruwa, in shekara ta ƙare an samu rara ana raba ma waɗanda ba su karɓi diyya ba. Kusan gudummawar da muke haɗa ma juna ce a kasuwa in wani ya yi gobara, sai dai wannan an tara ta tun kafin. Kuma ai Manzon Allah (SAW) ya ce ma mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Ka kai ma malaminka takardar ya duba in zuciyarka ba ta kwanta ba.

Wace iri za ka saya? Ta gobara ita ce tushe, amma ka ce a haɗa maka da ambaliya da iska, wanda ya ga abin da ruwa ya yi a Jibiya a Yulin 2018 ya san dalili. Ta sata daban take, kuma yawanci sai an fasa ƙofa ko rufi suke biya, in yaronka ne ya riƙa zare kaya a hankali wannan wata takarda ce daban da ake yi don amanar ma'aikata. In kana ɗauko hatsi daga Dandume ko kana kai kaya Mai'aduwa akwai ta kayan da ke kan hanya. Mota kuwa dole ce a doka, tun Janairun 2023 ta ƙaramar motar gida ta koma N15,000, tana biyan ɓarnar da ka yi ma dukiyar wani har miliyan 3, motarka kuma ba ta ciki. Ka danna *565*11# ka saka lambar motar ka gani ko takardar da aka yi maka ta gaske ce, jabu sun yi yawa. Mai kamfani da ma'aikata, kamar injin shinkafa ko gidan burodi, akwai kashi 1 cikin 100 na albashi da mai kamfanin ke biyan NSITF, asusun gwamnati mai biyan ma'aikata diyya, saboda wanda ya ji rauni a bakin aiki.

Ga inda aka fi faɗawa, dan Allah ka karanta nan sau biyu. Mutum kayanshi na miliyan 10 ne sai ya ce masu miliyan 5 don kuɗin inshora ya yi sauƙi, a ranshi ai ko rabi aka ba ni na gode. Ba haka lissafin yake ba. In wuta ta ci kayan miliyan 4, ba miliyan 4 za su ba shi ba duk da bai kai biyar ɗin ba, cewa za su yi rabin dukiyarka ka yi ma inshora don haka rabin asara za mu biya, miliyan 2 kenan, a ciki ma su cire ɗan kason da aka rubuta kai za ka ɗauka da kanka. Ga shi kuma farashi ba ya tsayawa, kayan da ka ƙiyasta bara yanzu sun wuce nan, kuma gab da sallah shago ya kan ninka, sai ka sanar da su a rubuce su ƙara.

Shafin abubuwan da ba sa biya ya fi shafin farko muhimmanci. Tarzoma, ta'addanci, harin 'yan bindiga a hanya, galibi ba sa cikin takardar gama-gari sai an ƙara da kuɗi daban, kuma mu nan wannan ba tambayar da za a ji kunyarta ba ce. Ka ce a nuna maka layin da aka rubuta, in ba ka jin turanci ka tafi da wanda yake ji. Ka bi ta dillalin inshora mai rajista, kuɗi kuma ka tura asusun kamfani kada ka damƙa ma mutum a hannu, don a doka in kuɗin bai shiga ba babu inshora ko da takarda na aljihunka.

In Allah ya kawo tsautsayin, ka kira su a ranar ka kuma aika a rubuce, ka ɗauki hotuna, ka karɓi rahoton 'yan kwana-kwana ko na 'yan sanda in sata ce. Na san zuciya za ta so a share wuri a fara gyara, 'yan'uwa ma za su zo da shebur don taya ka, ka ba su haƙuri kada a kwashe toka sai mai ƙiyasta asara ya zo ya gani da idonshi. In suka yi ta ja maka rai ba dalili, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi, ka kai masu da kwafin duk takardun da kuka yi musaya da ranakunsu.